Turancin da Na Kai wa Likitar Shanu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ciwon baki da kofato ya shiga shanun garinmu Dingaya ba. Dabbobi suna ta dalalar da miyau, suna ɗingishi, kiwo ya gagara. Aka yi shawarar a je Birnin Kudu a kira likitan dabbobi, kuma aka ce ni zan yi magana, tunda ni ne na gama firamare a cikin sa'o'ina.

Nan kaina ya kumbura. Dama ina da wani littafi na manyan kalmomin Turanci da na saya a kasuwar Gwaram, shekara biyu ina jiran ranarsa. Aminina Arɗo Buba, wanda garkensa ya fi kamuwa, ya ce mu tafi da safe. Na ce a ba ni kwana biyu in shirya (Allah Ya yafe mini wannan).

Kwana biyun nan a gona na yi su, ina yi wa dawa jawabi. Duk kalmar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tsallake ta nake yi. Har wani karin maganar Turawa na haddace, mai cewa kyanwoyi da karnuka suna zubowa daga sama. Matata Ladi ta ce, "Malam, likitan nan dai ba daga Ingila aka kawo shi ba."

Na ce, "Ke dai tsaya a kan tuwonki."

A hanya har na fassara wa Arɗo karin maganar nan don ya san da wa yake tafe. Muka isa ofis, ashe likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gaishe mu da ladabi. Na gyara babbar riga, na buɗe baki. Wallahi na yi kusan minti goma ina zubawa, kalma na bin kalma, har kyanwoyin sai da na sako. Ni kaina rabin abin da nake faɗa ban san shi ba.

Da na gama, sai ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausa tsantsa, "Sannu Baba. To, me ke tafe da ku?"

Jama'a, ashe duk jawabin nan ko sau ɗaya ban ambaci saniya ba!

Arɗo ya matso. "Hajiya, shanunmu ne. Bakinsu ya yi gyambo, ba sa taka ƙasa."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana biyar."

"Subhanallahi! Me ya hana ku zuwa da wuri?"

Arɗo bai kalle ni ba, ya ce, "Hidima ce ta riƙe mu." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar ta bi mu da magunguna, garken ya farfaɗo. Amma ɗan maraƙi guda na Arɗo ya mutu a daidai kwanakin da nake gona ina wa dawa Turanci. Na je har gida na roƙe shi gafara. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Amma gaya mini, karnukan nan da suka faɗo daga sama, sun rayu?"

Da uwar maraƙin ta sake haihuwa, Arɗo ya raɗa wa sabon maraƙin suna Ƙamus. Yanzu ya zama bijimi, kullum ta ƙofar gidana ake wucewa da shi, ana kiran sunan da ƙarfi don in ji.

Littafin yana nan, nakan duba shi jefi-jefi, don neman ilimi ba laifi ba ne. Sai dai duk inda aka aike ni yanzu, da saniyar nake farawa.