Kaluluwar Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da aka sa ranar aurena da Hajo. An yi gayyar noma a gonar mahaifinta kusa da Allakaye, ni kuwa na tuɓe riga ina nuna ƙarfi, sai kalmen da nake noma da shi ya sare ni a babban yatsan ƙafa. Na tura ƙasa a ciwon na ci gaba. Wa zai ɗingisa gaban suruki?

Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙulluttai sun fito mini a matsematsi, ga zafi, ga zazzaɓi. Wayyo! Na ce shi ke nan, irin cutar nan ce da ke hana namiji aure. (Ban tambayi kowa ba, ni na duba kaina, ni na yanke hukunci.)

Na hau jaki a karkace har gidan likita na Keita, don kada in haɗu da idon sani. Bayan labule na kama hannun likita ina hawaye.

"Ka gaya mini gaskiya. In ba ni iya aure, in sallami ɗiyar mutane. Hajo ba ta yi mini komi ba!"

Mutumin nan muryarsa kamar ta mai shela. "Kai, nuna min ƙafarka!" Ya ga yatsa ya ruɓe. "Kaluluwa ta! Akwai ƙananan hanyoyin ruwa cikin jiki da ke kwaso dattin ciwo su kai shi wurin ƙulluttan ga. Nan a ka tace shi, a yaƙi ƙwayoyin cuta, shi ya sa sun ka kumbura. Aikinsu su kai. In yatsa ya warke, su sace. Aurenka lahiya lau, ko huɗu ka ka so!"

Ya wanke ciwon, ya yi mini allura. Na fito ina dariya ni kaɗai, sai na ga mahaifin Hajo zaune a benci dab da labulen, ya kawo jikansa. Na durƙusa gabansa.

Ya kau da kai ya ce, "Ban ji komi ba, ɗana. Amma guda ta ishe ka."

Aka yi aure, yatsa ya warke. Tun ran nan na gane: ciwon da ka ɓoye wa suruki a ƙafa, sama zai hau ya kai masa labari da kansa.