Rasuwar Tukunyar Burodin Mama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kaina a sunkuye, ni Malachy Devaney nake sanar da rasuwar tukunyar burodinmu. Ta cika yau da hantsi, ana yayyafi, a bakin rijiya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan tare da kakata ranar aurenta. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, mai haƙuri. A rataye ta bisa wuta, a jibga mata garwashi a kan murfi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta "kis, kis," idan burodi ya kusa gasuwa. A ba ta gari da tsala da ɗan soda, ta dawo da abin da zai riƙe mutum har ya taso daga gona.

Ba ta yi jinya ba, ni ne ajalinta. Gobe layin sujadar gida-gida zai zo kanmu, Fada, limamin cocinmu, zai yi sujada a gidanmu, maƙwabta duka a nan za su karya kumallo. Mun shafe bango da farar ƙasa, mun kankare tebur. Da na duba, ita kaɗai ta rage baƙa. Na ce bari in fitar da Mama kunya. Na sauke ta da zafinta, na sheƙa mata ruwan rijiya. Ta ce "tau!" sau ɗaya, ta dare har gindi.

Ƙanwata Sorcha ta ce, "Sannu, sarkin tsafta! Saura ka wanke hayaƙi."

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta bi tsagar da yatsa, ta ce, "Malachy, ai baƙin nan shi ne ranta. Yanzu me zan ajiye gaban Fada?"

Marigayiyar ta bar murfi, da ƙugiya, da wuƙar da ake zana gicciye da ita a kan kwaɓi. Ta bar mu kuma.

Za a kai ta makwancinta da yamma a bayan garke, inda kaji za su riƙa yin ƙwai a cikinta. Ni zan ɗauke ta, kada kowa ya taya ni.

Ina cikin wannan rubutu na ji an dire wani abu mai nauyi a bakin ƙofa. Tukunyar maƙwabciyarmu ce, tsohuwa Honor Tierney, da sauran ɗuminta. Aro ta kawo mana. Yau a gidanta dankali kaɗai za a ci ke nan. Kafin in sa takalmi in fito, har ta tsallake katanga.