Karaya Ukun Hambali Barista

"Duk direban da ya kuskura ya taɓa ni a garin nan, sai ya sayar da gidan ubansa ya biya ni diyya!"

Waƙar Hambali ke nan kullum a teburin mai shayi na tashar Gwarzo. Barista ake ce masa, ba don ya karanta aikin lauya ba, sai don ya taɓa sayar da rake a ƙofar kotu, ya ce ta taga ya shanye shari'a kaf.

To, wata rana, ko ranar kasuwa ce ko kashegarinta, ku yi mini uzuri, kai ya tsufa, wani direban akori-kura mai suna Tasi'u yana ja da baya, sai gefen motar ya shafi babbar rigar Hambali. Rigar fa, ba mai rigar ba. Gogan naka ya dubi hagu ya dubi dama, ya share tsakuwa da ƙafa, sannan ya kwanta.

"Wayyo ƙafata! Jama'a ku shaida, karaya uku!"

Aka kwashe shi ranga-ranga zuwa gida. Mutane na watsewa ya ƙyafato matarsa Furera.

"Share zaure, nan za a kafe sabon babur ɗina. Ke kuma keken ɗinki."

"Malam, mai karaya uku ne ya tashi da malmala huɗu?"

"Ke dai ba ki san doka ba."

Kashegari da hantsi sai ga dangin Tasi'u daga Kabo, kawunsa Alhaji Datti a gaba. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi iyali da damina. Af, na ce damina? Wataƙila kaka ce, don na tuna ana cin gyaɗa. Hambali dai ya yi nishi, ya fara zuba sashe kaza, ƙaramin sashe kaza.

Alhaji Datti ya ce, "Barista, duk mun ji, kuma diyya haƙƙinka ce. Amma kuɗi ba ya ɗora ƙashi. Mu a gidanmu, wanda muka ji wa ciwo sai mun ga ya taka tukuna. Ga Jalo maɗori na ɗauko daga Gude, ladansa a kaina."

Jalo ya shigo da karare da tsumma, bayansa ƙarti huɗu irin masu kayar da bijimi ranar kamu. Ya tsuguna ya nannaɗe hannun riga.

"Karaya nawa aka ce?"

Hambali ya saci kallon ƙartin. "Uku... amma biyu sun haɗe da kansu da asuba."

"Subhanallahi! A karkace suka haɗe ke nan. Sai an sake karya su. Ku danne mini shi, a ba shi tsumma ya ciza."

"Tsaya, Malam Jalo! Doka ta ce sai likita ya..."

"Doka ba ta da ƙafa, Barista. Kai, riƙe ƙugun!"

Hannun ƙato na farko na sauka, Hambali ya yi wani tsalle da ko barewa sai ta sara masa. Ya tsallake Jalo, ya tsallake buta, ya tsallake Alhaji Datti da rawaninsa, ya faɗa titi a guje yana waige. Daidai nan Dalhatu mai ƙwai ya taho a kan tsohon kekensa, da kwandon ƙwan zabi a baya. Ji kake rim! Ƙafa ta shige tsakanin ƙarafa ta ce ƙas.

"Wayyo! Wallahi yanzu da gaske ne! Jama'a ku shaida!"

Alhaji Datti ya gyara rawani ya ce, "Mun shaida, Barista. Da idonmu muka ga ka buge keke."

Dalhatu ya tashi yana share gwaiduwa daga gemu. "Ni ban san sashe ba, ranka ya daɗe. Ƙwaina dai za ka biya. Na keken, na yafe maka."

Jalo ya shafa ƙafar ya yi murmushi. "Alhamdu lillahi, ɗaya ce tak, sabuwa fil. Sai dai ladan wannan ba a kan Alhaji yake ba. Ku danne shi."

Ihun da aka yi ran nan, an ce har garin Jama'a an ji. Zauren kuwa da Furera ta share don babur bai yi asara ba, don nan aka kafe Barista, ƙafa a sama, har ya warke.