Baturen da Ya Zage Ni a Banɗaki

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, ba ta ƙoƙi ba ce. Tawa ce, a kaina ta faru, kuma shaidu suna nan da ransu.

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na je Nguru wankan jego. Matar jikana Bukar ce ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace. Sunan yarinyar Hauwa. Iyayenta mutanen Hadeja ne da fatauci ya zaunar a Nguru, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ba ta da inda za ta je wankan gida. Aka ce wa za a tura? Aka ce ai ga tsohuwa a Gashuwa tana zaune. Na ɗaure kanwata da kayan yajina, aka sa ni a mota.

Abu biyu aka san ni da su a unguwarmu. Na farko wankan jego. Na biyu jin waƙa. Ban taɓa shiga aji ba (wannan ma jikata ce ke rubutawa, ina faɗa), amma a zamaninmu mace ba ta zagin mutum baki da baki. Sai ta bari tana daka, ko tana juya kifi a kan banda, ta ɗauko waƙa ta saka maganarta a ciki. Mata kan zo har ɗakina su ce, "Iya, jiya maƙwabciyata ta yi waƙa kaza, da wa take?" In faɗa musu, ya kuma zama haka. Na fassara ta Barebari, na fassara ta Badawa, har ta Fulanin da ke kawo mana nono na fassara, ba don na san kowace kalma ba. Abin da nake dubawa shi ne lokacin da aka ɗaga murya, da wanda ya shigo gidan a lokacin. A sanina ba a yin waƙa a cikin gida a banza.

Ranar da na isa, maƙwabta sun cika ɗakin maijego suna barka. Na zauna, na sha ruwa, na ɗaga hannuna na nuna musu. Na ce, "Duk matan da hannun nan ya yi wa wanka, ba wadda ta taɓa cewa ko uhum. Ba a taɓa kawo mana raguwa gidanmu ba." Mata suka ce haka ne, Iya. Hauwa ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya zane.

Da safe na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, na yanko ganyen darbejiya. Na ce maijego ta fito. Ta fito ɗaure da zane, riƙe da wani baƙin abu kamar gwangwanin madara. Ta ɗora shi a kan katangar banɗaki, ta latsa wayarta.

Jama'a, na ji injin niƙa ya haɗiye cokali, na ji ƙanƙara a kan rufin kwano, amma ban taɓa jin su tare ba sai ranar. Can kuma sai wani namiji ya buɗe maƙogwaro, kamar bijimin da aka kayar aka rasa wuƙa. Na tsaya da ganye a hannu. Ta zauna a kujera ta ba ni baya. Na ce a raina yaran zamani ne, na tsoma ganye na fara aikina.

Da Bukar ya shigo karyawa na tare shi. Na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kiɗan ƙarfe ne, Kaka, na Turawa. Nawa ne ma, tun ina makaranta a Maiduguri."

"Me mutumin yake cewa?"

Ya yi dariya. "Kaka, ko mu da abokaina gardama muke yi a kai. Kowa da tasa fassarar. Ko dai kina so in saka miki a taki wayar?"

Ya ɗauki hularsa ya tafi shago. Na ce to, miji yana rufa wa matarsa asiri.

Sai na zuba ido, irin yadda na saba. In tana cin abinci, shiru. In baƙi sun zo, shiru. In tana shayarwa, shiru. Amma da zarar na ɗauko bokitin ruwa, safe da yamma, sai gwangwani ya hau katanga, kuma waƙar nan ɗaya dai, ba a canzawa. Daga bayanta da nake tsaye ina hango jijiyar wuyanta ta miƙe, bakinta a buɗe, tana bin mutumin. Wa ke shigowa lokacin da ake ɗaga muryar? Ni. Magana ta ƙare.

Kafin kwana uku na gama warware waƙar tsaf, ba tare da na san kalma ɗaya ta Turanci ba. Har ramawa na yi. Ina dakan yajin jego na ɗauko wata tsohuwar waƙa ta kazar da aka saya jiya take yi wa masu gida cara. Ta leƙo ta taga ta ce, "Kaka, ashe muryarki da daɗi haka." Na ce a raina, ka ji, har da ba'a.

Da ma an shirya sunana za a sa wa jaririyar. Na sa aka kira mini babban ɗana a waya, uban Bukar (ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne). Na ce, "Ku nemi wani sunan. Ba a zagina safe da yamma sannan a ɗauki sunana a ba 'ya." Ya ce Iya a yi haƙuri har mu zo. Na ce ku zo ɗin, a gaban kowa za a yi ta.

Jajibirin suna gida ya cika. Mutanenmu na Gashuwa sun zo, na Dapchi sun zo, ana gyaran shinkafa ana yankan albasa a tsakar gida. 'Yata Hajara tana nan, wadda ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Ya Falmata tana nan, ƙawata tun muna 'yan mata, mai bakin da ba ya rufuwa. Ga kuma gwaggon Hauwa, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar uwarta, aure ya kai ta nesa, ranar ta iso. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiya. Na ce a kira maijego, ta zo da gwangwaninta.

Na ce, "Saka."

Ta dube ni, ta dubi gwaggonta, ta saka.

Farkon waƙar a hankali yake, garayar Turawan nan tana tafiya sannu sannu. Na ɗaga hannu aka tsayar. Na ce, "Kun ji nan? Nan sannu da zuwa ce ta baki, wadda ba ta kai ciki ba. Ci gaba." Mutumin ya fara gurnani. Na ce, "Nan cewa yake tsohuwa ta zo ta tare gida, ta cinye naman maijego." Aka zo inda maza da yawa ke amsa masa. Na ce, "Waɗannan maƙwabta ne, an gaya musu, sun yarda." Ganga ta kama gudu. Na ce, "Wannan motar Gashuwa ce, ana cewa in hau in koma." Daga nan garayar ta yi wani siririn kuka mai tsawo. Na ce, "Nan kuwa muryata ake kwaikwayo, in ina kiran a kawo itace."

Ban yi gaggawa ba, ban ɗaga murya ba. Yadda liman ke fassara haka na yi. Mata suka ajiye wuƙaƙe, ana ta salati ƙasa ƙasa. Gwaggon Hauwa ta juya gare ta ta ce, "Durƙusa. Durƙusa ki ba ta haƙuri, kin kunyata ni, kin kunyata uwarki a kabari." Yarinya ta durƙusa, da ɗanyen jikinta.

Sai Hajara ta goge hannu a zane ta ce, "Iya, bari in ga wayar." Ta yi 'yan latse-latse, ta ce ai ga baitocin nan a rubuce. Ta karanta a zuci. Na ga tana cije leɓe.

Na ce, "Faɗa musu. Kada ki rage komai don ni."

Ta ce, "Iya, wani mai jirgin ruwa ne a ƙasar sanyi. Hadari ya taso masa a tsakiyar teku, jirgi ya fashe, mutanensa sun nutse. Shi ne yake riƙe da katako yana zagin teku."

Na ce, "To. Tekun nan wace ce?"

"Teku ce, Iya. Ruwa."

"Tsohuwar fa?"

"Babu mace a ciki ko ɗaya."

Ya Falmata ta gyara zama. Ta ce, "Malama, duba mana da kyau, wajen motar Gashuwa fa? Ta cika ko da sauran mutum ɗaya?"

Hajara ta ce, "Nan igiyar jirgi ce ta tsinke."

"Naman maijegon kuma kifi ne ya cinye?"

Wata ta fara tari, wata ta tura fuska cikin gyale. Amma tsohuwa ba ta faɗuwa a bugu ɗaya. Na ce, "Ku yi dariyarku. Baturen bai san ni ba, na yarda. Ita da ta zaɓo shi ta san ni. Me ya sa ba a saka shi sai na ɗauko ruwa? Me ya sa take buɗe baki tana bin sa? Da idona na gani."

Gwaggo ta dubi Hauwa ta ce, "Ba ki amsa ba."

Hauwa tana durƙushe, idonta a ƙasa. Da ƙyar aka ji muryarta. Ta ce, "Kaka, ni ban san ma me yake cewa ba. Na duba wayar Bukar ne na ɗauki wadda ta fi ƙara. Kin ce ba a taɓa kawo muku raguwa ba. Ni kuwa ruwan ba na iya jure shi. Ba bin sa nake ba, kuka nake. Na ce in ya yi nasa ihun, nawa ya ɓuya a ciki, kada maƙwabta su ji a ce a kaina aka fara."

Ba wadda ta ƙara tari. Gwaggo ta miƙa hannu ta zame zanen daga kafaɗar yarinyar. Bayanta ya yi ja, wani wuri har fatar ta tashi. Safe da yamma ina tsaye a kan bayan nan, tururi ya rufe mini ido, kunnena yana wajen Bature.

Na tashi, na naɗe tabarmata da kaina, na shiga ɗaki. Ban daɗe ba na fito, don na ga in na zauna a ciki sai an zo an ba ni haƙuri, kuma wannan ya fi ƙarfina. Na kama hannunta na tashe ta. Na ce, "Hauwa, ki yafe mini." Ta ce, "Kaka, ba komai." Na ce, "Da komai." Sannan na aika a kira mini babban ɗana daga zaure, a gaban matan da suka ji fassarata, na ce masa maganar suna tana nan yadda take, in har uwar 'ya tana so. Ya ce, "Iya, Baturen ya janye ne?" (Ashe labari ya riga ya kai zaure.) Hauwa ta ce tana so.

Hajara ta kai ta wajen wata ma'aikaciyar asibiti a bayan layin su Bukar aka ba ta man shafawa, aka kuma aiko mini da saƙo cewa ruwa mai ɗumi ya isa. Da aka koma wanka na surka ruwan, na tsoma gwiwar hannuna na ji, na zagayo ta gabanta na tsaya. Babu gwangwani a katanga. Muka yi wankanmu shiru, sai kukan kaji. Da muka gama ta ce, "Kaka, yau kamar ya ɗan yi sanyi." Na ce, "Haka za ki yi haƙuri da shi."

Abin da na koya, da tsufana, shi ne kafin ka tambayi da wa ake waƙa, ka zagaya ka dubi fuskar wanda bakinsa ke buɗe.

Hauwa ta warke, na cika mata arba'in, ta raka ni tasha da kanta. Yanzu tana ɗinki a gida, kuma ta ce in ta sake haihuwa ni take so, da sharaɗin gwiwar hannu. Gwaggonta takan aiko mini da turaren wuta duk salla, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Hajara tana nan tana koyarwa. Bukar har yau yana gardama da abokansa. Ya zo Gashuwa ya ce mini wai wani cikinsu ya ce tekun ba teku ba ce, duniya ce, wataƙila ina da gaskiya. Na ce ya fitar da ni daga ciki. Ya Falmata kuwa, ko injin markaɗe ta ji ya tashi a unguwa sai ta aiko a tambaye ni da wa yake. Takwarata ta fara tafiya, Ummi ake ce mata, tana da maƙogwaro kamar na mai jirgin nan. In ta fasa kuka ba na fassara komai, ɗaukarta nake in duba ko wani abu ne ya cije ta.

Ƙurunƙus. A wannan karon ba kan ɓera ba, kaina.