Ƙwarya Biyu a Gaban Zaki

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa. Zaki ke mulki, Dila ke fassara abin da Zaki yake nufi, Kura kuwa ita aka ba tsaron 'ya'yan talakawa. Kuma a gaskiya ba a taɓa jin wani yaro ya dawo ya kai ƙararta ba.

Duk kaka akan ƙirga yaran ƙasa. Ba a ƙirga ɗa da baki, don haka kowace uwa sai ta jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya a madadin ɗa ɗaya. Fadamar Giwa, ƙasar da ke ƙetaren kogi, ita ma takan yi nata ta aiko a gwada. Wata gada mai suna Uwale ce ke riƙe da aikin, shekara tara ba ta taɓa ƙara tsakuwa ko ta rage ba.

Bana ƙwaryar Fadama ta zo maƙil har tana zuba. Ta Marke kuwa, wayyo, ko gindinta bai rufu ba. Da safe Dila ya ja Uwale gefe, ya ce, "Baiwar Allah, ɗebi nan ki zuba nan. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji ta. Kaico!

Da fada ta cika, Zaki ya dubi ƙwarya biyun, ya ce, "Nawa?"

"Ranka ya daɗe, namu ɗari biyu da sha ɗaya. Nasu dubu uku ba bakwai."

Uwale ta faɗi haka, amma ta san abin da duk uwar da ke wurin ta sani. Rabin tsakuwar Fadama 'ya'yan Marke ne. Tun da Kura ta karɓi tsaro, duk wadda ta yaye sai ta haye kogi da ɗanta ta ba dangi riƙo. Ita kanta Uwale tagwayenta suna can.

Dila ya miƙe, ya gyara murya. "Jama'a, wannan abin alfahari ne! Yawa ai na kiyashi ne. Mu ɗanmu ɗaya..."

"Zauna," in ji Zaki. "Yaran yau su ne mayaƙan gobe. Goben wa kake gani a nan?"

Can sai Kura ta taso, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Haihuwa aba ce mai jan lokaci, talakawanmu kuma ga son jiki. Amma in ƙwaryarmu ta ƙi cika, ai tasu ba za ta ƙi raguwa ba. Kogi ya fara janyewa. Nan da kwana goma ruwa ba zai kai gwiwa ba."

Fadawa suka ɗauka, "Hikima! Hikima!" Iyaye mata suka sunkuyar da kai.

Uwale fa? Me za ta ce? In ta ce yaran namu ne, Kurar nan dai za a tura ta dawo da su gida.

"Uwale," in ji Zaki, "ke ce ba kya cin amana. Riƙe ƙwaryar Fadama a wurinki. Kullum da safe Kura za ta gaya miki nawa za ki cire."

"To, ranka ya daɗe."

Aka watse. Ta zauna a gindin marke, ta juye ƙwaryar a ƙasa, tana tonawa da kofato. Ta duba, ta sake dubawa har rana ta take. Tsakuwa duk iri ɗaya ce. Ta kasa gane waɗanne biyun ne nata.