Ranar da Na Je Tona Asirin Masu Saye Wajen Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Magariya ba, ko da kuwa na so in manta, tunda mutanen gari sun ƙi bari.

A zamanin da gwamnati ce kaɗai ke sayen gyaɗa, ita ce kuma ke sayar da sukari da shayi da atamfa, ni ne mai riƙe da makullin magazar koperatif, wato kantin gwamnati. Farashi ɗaya ne, babu tayi, babu albarka. Ka bi layi, in na ce babu, to babu. Har Isuhu, abokina na lakwal da aka kora tun muna aji uku, sai ya rusuna yana "Ranka ya daɗe" kafin in ɗago kai.

Sai gwamnati ta zare hannunta, aka ce kowa tasa ta fisshe shi. Aka rufe magaza. Isuhu ya fara tsallaka iyaka da amalanke yana kawo kaya, kafin ka ce kwabo ya buɗe butik, wato shago, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinariya. In ya yi mini murmushi da haƙorin nan, wallahi tuwo ba ya shiga cikina ranar. Hassada ce zalla, ban da wani suna da zan ba ta.

Saboda haushi na sayar da gonar gadona ta Yekuwa, na buɗe nawa butik daidai gaban nasa. In ya rushe, ba ni da komai. Amma sai na riƙa tafiyar da shi kamar magazar da can: in buɗe ƙarfe takwas, in rufe da midi ya yi, wato sha biyun rana, mai neman ragi in nuna masa ƙofa. (Wata tsohuwa na taɓa ce wa ta bi layi, alhali ita kaɗai ce a wurin. Ta waiga bayanta, ta dube ni, ta tafi.) Shi kuwa Isuhu tabarma yake shimfiɗa wa mutane, ya ba su ruwan randa, ya tambayi lafiyar awakinsu, ya ƙara musu gyara.

Ranar kasuwar nan tun safe ƙuda kaɗai ke shigo mini, gaban butik ɗin Isuhu kuwa ba masaka tsinke. Zuciya ta ɗebe ni, na tsallaka titi, na tsaya a bakin ƙofarsa na ɗaga murya.

"Butulu, dukanku. Jiya kuna layi a gabana kuna roƙo, yau kun zo ana sayen ku da ruwan randa. Duk mai saye a nan bai san mutunci ba, bai kuma gaje shi ba."

Wata mata da ke zaune a tabarma, ta ba ni baya, ta gyara mayafi ta juyo a hankali. Innata ce. Ƙullin sukari da sabulu na kan cinyarta.

Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, ƙarasa mana. Wa ye bai gaji mutuncin ba?"



"Jiya da azahar na zo wajenka," in ji ta, "ka leƙo ta taga ka ce an tashi aiki, ko duba wa ke magana ba ka yi ba. In sha kunu ba sukari don ɗana ya taɓa aikin gwamnati?"

Dariyar da aka yi, ina jin har garin Dan Ciyawo an ji ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, Isuhu bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Haba Inna, a yi masa haƙuri," ya ƙara mata sabulu ɗaya. Ni na ɗauki kayan a ka, na bi ta a baya, muka ratsa tsakiyar kasuwa har gida.

Washegari na sayi tabarma da randa, shi ya sa butik ɗin ke numfashi har yau. Har gobe ba na son ganin haƙorin Isuhu, amma na koyi abu ɗaya: ranar da uwarka ta tsallaka titi ta yi sayayya wajen wani, daina neman maƙiya, kai ne.