Yadda Za Ka Haye Kogin Murray da Motar Yaƙi Ba Tare da Takalman Matarka Sun Jiƙe Ba

Ɗana, jawo kujera. Idan kana da tsohuwar motar yaƙin nan mai tafiya a tudu da ruwa, wadda mazajen garinmu ke kira Agwagwa, kuma zuciyarka na raya maka lokaci ya yi da za ka jefa ta kogi, to ka faɗo hannu na gari. Ni Dulcie, tun ina da haƙorana na gaskiya nake dafa shayi ina yanka kek mai kwakwa a taron shekara na masu irin waɗannan motoci. Na ga waɗanda suka shiga suka fito, na ga waɗanda sai tarakta ta fito da su. Ka bi matakan nan daki-daki, na ɗaukar maka alkawari za ka haye. Maƙwabcina Noel Treloar ya bi su bai bar ko ɗaya ba, ga shi nan da ransa.

1. Samo mushe, ka kira shi tarihi

Kada ka kuskura ka sayi mai lafiya. Mai lafiya ta rago ce. Noel ya tsinci tasa a bayan gonar wani mai kiwon tumaki, kaji na ƙwai a kujerar direba, bishiya ta huda cikinta ta fito. Ya jawo ta gida, ya fitar da motar matarsa Glenys daga gareji ya bar ta a rana.

“Kafin Kirsimeti za ta tashi,” in ji shi.

Lura da hikimar: bai ce wace Kirsimeti ba. Ranar da Agwagwa ta shiga gareji, 'yarsu Kerry na firamare. Ranar da ta fito, Kerry na da nata 'ya'yan a wani gari can bakin teku, yini guda a mota.

2. Ƙi duk abin da aka ƙera bayan haihuwarka

Wannan shi ne addinin 'yan ƙungiyar masu Agwagwa. Kowane noti sai na 1943. Na ga dattawa biyu sun daina gaisawa a kan ko koren fentin ya cika duhu.

A ƙasan cikin Agwagwa akwai ramuka. A tudu buɗe su ake yi ruwan sama ya tsiyaye, in za a shiga kogi a ɗaura musu matosai. Noel ya sha wahala kafin ya samo matosan asali na tagulla a hannun wani tsoho a can garin Darwin. Kullum da yamma sai ya goge su da tsohuwar singiletinsa.

“Shagon masu kamun kifi na sayar da na roba,” in ji Glenys. “Sun fi ma riƙe ruwa.”

“Roba? A jikinta?” Ya dube ta kamar ta zagi kakansa. “Ke ba ki san tarihi ba.”

“Na san shi mana. Ni nake wanke masa singileti.”

3. Yi alkawarin da ya fi ƙarfin bakinka

Ba a shiga ruwa haka kawai, sai an ɗora wani abu a kai. Glenys ta daɗe tana so su sayar da gidan su koma kusa da jikoki. Ƙaramin ma bai san muryarta ba sai ta waya. Noel kuwa ya ce shi da garejinsa mutu-ka-raba.

A gabana aka yanke magana, ina zaune a kicin ɗinsu.

“In ta haye da ni ta dawo takalmana a bushe, ba zan sake ta da zancen ƙaura ba,” in ji Glenys. “In kuwa ruwa ya taɓa min ko ɗan yatsa, gida ya tafi kasuwa.”

“Dulcie, ke ce shaida.”

“Ni shayi na zo sha,” na ce. Amma dai an riga an sa ni.

Daga ranar Glenys ta fara tara kwalaye a ɗakin baƙi, Noel ya fara yin kamar bai gan su ba.

4. Burge alƙali kafin ka burge kogi

Kogi ba ya ba da kofi, saboda haka fara da mai bayarwa. Alƙalinmu Cyril ne, tsohon malamin makaranta mai yawo da gilashin ƙara girma a aljihun kwat. Shi da Noel tun suna samari suke jayayya, har sun manta a kan me.

Da safen ranar taro Cyril ya zagaye Agwagwa yana neman aibu, bai samu ba. Sai ya ce, “Matosan nan fa? Na ji ana cewa na jabu ne.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

“Mutane ko kai, makaho?”

Nan take Noel ya rarrafa ƙarƙashinta, ya kwance su duka, ya jere su a kan farin hankici. Cyril ya ɗora gilashi, ya karanta hatimin da ke jikinsu. Babu yadda ya iya, ya miƙa kofin mota mafi asali. Da yake hannunsa ya cika, sai ya zuba matosan cikin kofin ya ba shi gaba ɗaya. Noel ya ɗaga kofi sama aka yi hoto, ya miƙa wa Glenys ta riƙe masa, ya bi 'yan taya murna zuwa wurin gasa nama.

Ita kuwa ta leƙa cikin kofin, ta dubi bayan mijinta, ta ce min, “Tsare min jakata, yanzu zan dawo.”

5. Amsa kiran gangare da ƙarfi, kada ka duba

Muna da al'ada. A bakin gangaren shiga ruwa mai tuta yakan ɗaga murya ya ce, “Matosai?” direba ya amsa, “A ɗaure.” Duk wanda aka kama ya manta, shekara guda zai yi da matoshi rataye a wuya, har coci.

Ga sirrin da ƙwararru ba sa faɗa: tambayar ba don a duba ake yin ta ba, don a ji muryarka ne. Namijin da ya sauko ya leƙa ƙarƙashin motarsa a gaban jama'a ya nuna yana shakkar kansa. Noel na ɗaga wa mutane hannu ya amsa, “A ɗaure,” da muryar da ta tashi aku-aku daga kan itatuwan turare.

6. Zaɓi fasinjojin da za su ba da labari

Me amfanin bajinta in babu mai yaɗa ta? Noel ya ɗauki Cyril don ya ƙunsa masa takaici, ya ɗauke ni don bakina. Glenys ta zauna a tsakiya da fararen takalmanta na zuwa biki, kofi a cinya, gwiwoyin siket ɗinta duk sun ɓaci da ƙasa. Babu wanda ya tambaye ta dalili. Mazajen nan suna iya hango noti na jabu daga tsallaken fili, amma ba sa ganin matansu.

Shiga a hankali. Za ka ji tayoyi sun saki ƙasa. Sa farfela, ka gyara hula, ka yi fuskar wanda ya saba.

7. In ka ji baƙon sauti, ɗora wa inji

Mun kai tsakiyar kogi, inda ruwa ke da duhu da ƙarfin ja, sai wani kwalekwale mai inji ya wuce, igiyar ruwansa ta girgiza mu. Wani abu ya yi ƙwal-ƙwal.

“Injinka na kuka,” in ji Cyril, har da murmushi.

“Injina ba ya kuka.”

Aka sake girgiza. Ƙwal-ƙwal. Ba daga gaba yake fitowa ba, daga cinyar Glenys ne. Noel ya waiwayo ya leƙa kofin. Ga matosansa nan kwance suna walƙiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa da sauri haka ba. Ya dubi gaɓar can, ya dubi gaɓar nan, duk sun yi nisa. Ya dubi fararen takalman. Ina jin a lokacin har garejin ya gani ana kwashewa, wani baƙo na rataye kekensa a inda sifanoninsa suke. Cyril kuwa ya riga ya sa rigar ceto biyu, ɗaya tawa ce.

“Glenys,” in ji Noel a hankali, “ɗaga ƙafafunki.”

“Don me?”

“Ɗaga dai. Ba don gidan ba. Kin san ba ki iya iyo ba.”

Ta dube shi jim. “Dubi gabanka, tsoho, kada ka hau kan kututture.”

Ya tuƙa yana sauraron ruwan da zai ɓullo. Muka taɓa gaɓar can, muka juyo, muka dawo. Ko ɗigo bai shigo ba.

8. Fito kamar da ma haka ka tsara

Agwagwa ta hau gangare tana tsiyaya, jama'a na tafi. Kafin Noel ya sauko, Cyril ya riga ya shige ƙarƙashi da gilashinsa, bai ma cire rigunan ceton ba. Ya fito fuskarsa kamar an yi masa albishir.

“Roba,” ya ce. “Mai launin ruwan lemo. Da takardar shago a jiki.”

Ya yanke hukunci biyu a tsaye. Kofi ya koma hannun ƙungiya, tunda mota ta shiga ruwa da kayan zamani. Sannan Noel zai rataya matoshi a wuya, tunda shi dai ya manta.

Noel ya juya wurin matarsa. “Kin ɓata min tarihi.”

“Ni takalmana na tsare. Sababbi ne.”

“Da kin bari, ai da kin ci, gida ya tafi kasuwa.”

“Na sani,” in ji ta, ta shiga kaɗe ƙasar gwiwarta.

9. Sha shayinka, ka yi lissafi

Ya zo rumfata da tagulla a wuya, ya zauna. Na zuba masa shayi, na yanko masa kek babba. Glenys na gefe tana kallon hoton jikoki a waya, ta rage haske don kada ya gani.

Can ya ce, “Garin nan na su Kerry. Akwai gangaren shiga ruwa?”

“Akwai.”

“Ruwan gishiri na cin ƙarfe fa.”

“Ai sai ka samu abin gogewa.”

Ya juya cokali a kofin shayi. “Kwalayen nan na ɗakin baƙi ba za su isa ba. Sifanonina kaɗai sai sun cinye su.”

Kafin sanyi ya shigo suka tashi, Agwagwa a bayan babbar mota, Noel na bin ta a baya kamar mai rakiyar amarya. Na ji an ce ƙaramin jikan ya fara haƙori, kuma ba abin da yake son ciza kamar tagullar wuyan kakansa.

Kashedi

Ni Dulcie shayi nake sayarwa. Ban taɓa riƙe sitiyari a ruwa ba, kuma duk abin da ya same ka, ko motarka, ko hularka, ko aurenka, babu hannuna babu ƙafata. In ka nutse kada ka aiko a kira ni, tarakta za ka nema. Matakan nan an gwada su a kan mutum ɗaya ne tak, kuma ba sa aiki sai kana da Glenys. Ita kuwa ba a sayar da irinta a shagon masu kamun kifi.